Mun yi musu aikin bakin mahaifa sun tafi, ba sa dawowa awon shekara

"Salam Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a karkara. Shekara biyu kenan da aka koya mana duba bakin mahaifa da ruwan khal, aka kuma ba mu na'urar nan ta zafi da ake gasa wurin da ya fara canzawa tun kafin ya zama kansa, wato ciwon daji. Damuwata ita ce matan da muka yi wa aikin ba sa dawowa bayan shekara kamar yadda muke ce musu, ko rabi ba ma gani. Oganmu ya ce mu fara tura musu saƙon tes na tunatarwa. Don Allah Anti wannan yana aiki kuwa, ko akwai wata dabara da kuke yi?"

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, shin saƙon tes zai dawo miki da matan nan, in kuma ba zai dawo da su ba to me zai dawo da su. Amsar a gajarce, tes yana taimakawa amma shi kaɗai ba zai fitar da ke ba, musamman a karkara, kuma tunatarwar da ta fi aiki ba a wata na goma sha ɗaya ake fara ta ba, ranar da matar ta sauko daga kan gadon nan tana ɗaura zaninta ranar ake fara ta. Bari in warware miki, kiyi haƙuri zan ɗan yi tsayi don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya nima, na shekara da shekaru ina wannan ɗakin awon.

Me ya sa ma muka dage sai sun dawo

Na san kin sani, amma gara mu tuna don da wannan za ki yi wa matan bayani. Abin da muke gasawa ba kansa ba ne, canji ne a fatar bakin mahaifa wanda ƙwayar cutar HPV take jawowa, kuma nau'i biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa a duniya. A mace mai garkuwar jiki lafiyayya canjin nan yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama kansa, a mai raunin garkuwa kamar wadda ke da HIV ba ta shan magani shekara 5 zuwa 10 ma ya isa. Wannan tazarar ita ce rahamar da Allah ya yi mana, cikinta muke aiki.

To amma gashin nan da muke yi, kan na'ura ya ɗauki zafi wajen digiri 100 mu ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30, ko daskarewar da wasu ke yi da iskar gas, ko yankan LEEP da likitoci ke yi a manyan asibitoci, wato yanke wurin da siririyar waya mai wutar lantarki, duk ba wanda yake warkarwa ɗari bisa ɗari. Mafi yawa suna warkewa sarai, amma a ƙiyasi kusan mace ɗaya cikin goma abin yakan rage ko ya dawo, a masu HIV kuma ya fi haka. Kuma ita wadda bai warke mata ba babu abin da za ta ji, ba ciwo ba jini ba komai, tana ta harkarta tana surfenta tana goyonta. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a sake gwada duk wadda aka yi wa magani bayan wata 12, mai HIV kuma ko gwajin ya fito lafiya a ƙara wani bayan wata 12 kafin a mayar da ita layin kowa da kowa. Najeriya a shekarar 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da kansar nan, wajen 8,000 sun rasu. Allurar rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 sai nan gaba za a ga amfaninta, iyayensu mata kuwa mu ne dai da ruwan khal ɗinmu da rijistarmu.

Mantuwa ce ko wani abu ne daban

Nan ne nake ganin oganku ya ɗan yi gaggawa. Tes maganin mantuwa ne, to sai ki tambayi kanki matan nan mantawa suka yi? Wasu eh. Shekara guda ba wasa ba ce, katin da kika rubuta mata kwanan wata da biro yana ƙarƙashin katifa ko cikin wata tsohuwar jaka, wataƙila ma ruwan damina ya jiƙa shi, kuma ita ba da watan Bature take lissafi ba. Amma a iya abin da na gani mantuwa zalla ita ce ƙaramar matsalar.

Babbar ita ce ta ɗauka an gama. Kuma laifinmu ne, mu muke ce mata "shi kenan Hajiya an ƙone abin, ki godewa Allah an gano da wuri", don mu kwantar mata da hankali tana kuka, sannan a bakin ƙofa mu ce "ki dawo bayan shekara fa". Wanne za ta riƙe? Shi kenan ɗin mana. Mace mai jin kanta garau ba za ta nemi izinin maigida ta nemi kuɗin mota ta bar girki da yara ta zo ta kwanta a buɗe mata gaba da ƙarfe mai sanyi ba, sai in ta san dalili. Ki haɗa da kuɗin motar da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ki haɗa da wadda bayan aikin ta sha sati uku ko huɗu tana zubar ruwa ba wanda ya faɗa mata haka zai faru, ta tsorata ta ce sun lalata min mahaifa, ki haɗa da wadda hana kwanciyar aure na sati huɗu da muke yi bayan aikin ya jawo mata rigima a gida har maigida ya rantse ba ta ƙara taka asibitin nan. Wata ta samu ciki a tsakani tana ganin ai mai ciki ba a taɓa ta. Wata auren ya mutu ta koma garinsu. Wata kuma tsoro ne tsagwaronsa, gara kar ta ji. Duk waɗannan ki tura musu tes goma, ba abin da zai motsa.

Abin da bincike ya nuna

Ba wai tes ba shi da tushe ba ne. Akwai nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ta fitar a 2013 da ya tattara gwaje-gwaje kan tunatar da marasa lafiya ranar ganin likita, ya nuna inda ba a tunatar ba kusan 68 cikin 100 suke zuwa, inda aka tura tes kusan 79, inda aka kira a waya kusan 80, kuma tes ya fi kira araha. To amma waɗannan yawanci alƙawura ne na kusa ga mutanen da wayar tasu ce kuma suna karatu.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Tanzaniya da aka wallafa a 2020, aka ɗauki mata wajen 700 da gwajinsu ya nuna suna da HPV, a Darussalam da yankin Kilimanjaro, aka ce su dawo bayan wata 14. Rabi aka dinga tura musu tes na wayar da kai da na tunatarwa, rabi ba a tura musu ba. Da lokaci ya yi ɓangarorin biyu duk kusan ɗaya cikin huɗu ne suka dawo, ba bambanci. Sai da ma'aikatan jinya suka bi su gida, wasu suka zo asibiti wasu kuma suka ɗauki samfurin gwajin da kansu a ɗakinsu, sannan aka samo da yawa daga cikinsu. Saƙon nan hanya ɗaya yake bi, na'ura ta tura, ba mai amsawa. Ki kwatanta da na Kenya na 2010 kan masu shan maganin HIV, inda duk sati ake tura musu kalma ɗaya tak da Swahili, "Mambo?", wato ya ake ciki, su amsa "Sawa" in lafiya ko "Shida" in da matsala, wanda ya ce matsala ko ya yi shiru kwana biyu nas ta kira shi. Wannan ya ƙara riƙon magani. Ni abin da na ɗauka daga biyun, ba harafin da ke cikin saƙon ne ke aiki ba, sanin cewa akwai wata a can da za ta lura in ba ki amsa ba shi ne.

Wayar ta waye

Wannan ki riƙe shi da kyau, don a nan na taɓa yin kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Farkon fara aikin nan na tura wa wata baiwar Allah saƙo, na rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta dawo a sake duba bakin mahaifarta saboda maganin rigakafin kansa da aka yi mata. Ashe lambar ta maigidan ce, shi kuma ba ya karatun boko, ya miƙa wa wani yaro a majalisarsu ya karanta masa a gaban mutane. Kafin magariba labari ya kai kunnen kishiyarta cewa wance na da kansa a gabanta. Matar nan ta zo ta same ni bayan kwana uku, ba ta yi min faɗa ba, zama kawai ta yi a benci ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce "Malama me na yi miki". Wallahi gara ta zage ni.

Tun daga ranar ba na karɓar lamba sai na tambaya, wayar nan a hannun wa take kwana, wa ke karanta miki saƙo, maigida ya san kin zo, in na kira wani ya ɗauka in ce ni wace ce. Kuma ba na yarda da lamba ɗaya, sai biyu ko uku, tata ko ta mijin, da ta wata da ta amince da ita, yawanci ƙanwarta ko babbar 'yarta ko aminiya. Kafin ta fita nake yi wa lambar filashin a gabanta in ji ta yi ƙara, don sau da yawa lamba goma ce maimakon sha ɗaya, ko an juya biyu, sannan in sa a yi mata ajiyar lambar asibiti da sunan da ta zaɓa. Layuka kuma mutuwa suke, kin dai ga yadda aka rurrufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba a 2024, ga wayar da aka sace a kasuwa, ga wadda aka sayar ranar suna, mutanen Zamfara ma a Satumban 2021 sabis ɗin gaba ɗaya aka ɗauke musu na tsawon makonni. Saboda haka bayan lamba ki rubuta kwatance irin namu, unguwa kaza, bayan masallacin Juma'a, gidan mai injin markaɗe, da sunan da aka fi sanin maigidan da shi ba na katin zaɓe ba.

Saƙon kansa kuma kar kalmar kansa ko mahaifa ko HIV ta fito a ciki ko da wasa. Ni abin da nake rubutawa bai wuce "Salam, Malama ce daga asibiti, lokacin awonki ya yi, muna nan Talata da Alhamis da safe, ba a biyan komai" ba. In wurinku ana biya to ki faɗi nawa ne, kar ta zo ta ji kunya.

Yadda nake yi yanzu

Ranar aiki, bayan ta huta ta sha ruwa, nakan zauna da ita minti biyar ba a tsaye ba. Na daina cewa shi kenan. Cewa nake aikin nan kashi biyu ne, yau mun yi na farko, na biyu shi ne baɗi in duba in tabbatar ya mutu, kamar yadda in kika kashe wuta a murhu sai kin tona tokar kin ga ba garwashi. Wannan misalin suna kama shi nan take. Sai in faɗa mata ruwan da zai dinga zuba har kusan wata guda, da abin da in ta gani ta dawo ba jira, zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini mai gudaji. In ta yarda nakan ce a kira min maigidan in yi masa bayanin sati huɗun nan da bakina, sau tari in namiji ya ji daga asibiti ya fi sauƙin haƙura, kuma tun ranar nake roƙar mata izinin dawowar baɗi a gabanta.

Kwanan wata kuma ba na ce mata 14 ga Maris. Nakan tambaye ta yanzu wane wata muke ciki, ta ce watan azumin tsofaffi, in ce to baɗi in watan sha ruwan tsofaffi ya kama, kafin a ɗauki azumi, ki zo. Ko bayan ƙaramar sallah da sati biyu, ko bayan Mauludi, ko in an gama yankan gero. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, wannan ba komai ba ne, gara ta zo da ɗan wuri ko ɗan latti da a ce ba ta zo ba. Ina kauce wa sa mace cikin azumi don da yawa ba sa son a duba su suna azumi, da kuma tsakiyar damina ga masu zuwa daga ƙauyukan da rafi ke yankewa. In ranar kasuwar garinku ta dace da ranar awo to kin huta, motar kasuwa za ta kawo ta.

Sannan ba na barin shekarar ta wuce shiru. Kira na farko cikin sati biyu nake yi, kuma wallahi wannan kiran ya fi na ƙarshen muhimmanci, lokacin ne ruwan ke zuba tana cikin zullumi, ki ce mata haka ake yi, ki tambayi yara, minti biyu ya isa. Daga ranar ta san muryarki. Wajen wata shida in ɗan gaishe ta, ko saƙon murya in tana da WhatsApp, don wadda ba ta karatu tana jin murya, a nan ne kuma nake gano layin da ya mutu tun da sauran lokacin nema. Saura sati biyu in kira in tambayi yaushe take sa ran al'adarta don mu sa rana a bayanta, saura kwana ɗaya ko biyu sai tes ya biyo. Kinga tes ɗin oganku yana da gurbi, amma a ƙarshen layi yake. Lokacin kira ma da dabara, hantsi bayan maza sun fita ko bayan la'asar, in wayar miji ce kuma sai bayan isha lokacin yana gida.

In na kira ba na cewa "kin manta ko", cewa nake "me zai hana ki zuwa ranar Talata". Sai ki ji gaskiyar magana ta fito, ba kuɗin mota, ko ina da ciki wata biyar, ko Malam ya yi tafiya ci-rani. Mai ciki ki ce ta zo awon ciki ku haɗu a tsara mata ranar dubawa bayan ta haihu ta yi arba'in, kar ki bari ta ɓace. Wadda ta koma wani gari ki nemo mata asibitin da ake yi kusa da ita ki faɗa mata abin da za ta ce musu.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ba rijista. Babbar rijistar awo ba ta da amfani a nan don ba mai buɗe shafin bara. Littafi daban na saya mai bango mai ƙarfi na raba shi wata goma sha biyu, duk wadda aka yi wa aiki yau sunanta na shiga shafin watan da za ta dawo, da lambobinta da kwatance da wurin rubuta kira na ɗaya na biyu na uku da abin da ta ce. Ranar ɗaya ga wata a buɗe shafi. Kuma a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, in aka ce aikin kowa ne ba mai yi. Littafin nan a kulle yake kwana, ba a barin shi kan tebur. Katin waya kuma ki sa oga ya ware kuɗinsa a rubuce, na yi shekara ina kira da kuɗin aljihuna, ranar da albashi ya makara kira ya tsaya.

Wadda aka kira sau uku ba a samu ba sai a bi ta gida, kuma ba sai ke ba. Matan nan masu shiga gida-gida na rigakafin shan inna da ungozomomi sun san kowane zaure a unguwa, sai dai ba a faɗa musu ciwon, "Malama na nemanki a asibiti" ya wadatar. Masu karɓar maganin HIV su ne mafi sauƙi kuma su ne mafi buƙata, ki haɗa baki da mai ba su magani a liƙa alama a katinsu, ranar da ta zo karɓar magani ranar za a duba ta, tafiya ɗaya kuɗin mota ɗaya. Haka mai kawo yaro rigakafi ko mai zuwa allurar tazarar haihuwa.

Inda dabarata ta tsaya

Abin da na faɗa miki na yadda nake yi gogewar ɗaki ɗaya ce, ba bincike ba, kuma ko da duk wannan akwai waɗanda ba na samu. Kira ba ya biyan kuɗin mota, ba ya sauya ran mijin da ya kafe, ba ya buɗe hanyar da 'yan bindiga suka tare. Inda ake da gwajin HPV wanda mace ke ɗaukar samfurin da kanta, shi ne zai fi kai wa ga irin waɗannan, in kin ji wata ƙungiya ko ma'aikatar lafiya ta jiharku na rabawa ki nema. Wadda kuma kika duba a shekara kika ga farin tabon nan da ruwan khal ke fitarwa a wurin da ya canza ya dawo, ko ya faɗaɗa ya shige ciki, ko wurin na zubar da jini da an taɓa, wannan ba ta sake gashi a wurinki ba ce kai tsaye, ki tura ta wurin likitan mata, ita ma ki sa ta a littafin ki kira ki ji ko ta isa, don a tsakanin ƙaramin asibiti da babba ake fi ɓatar da su.

Abu ɗaya kuma ki gyara kafin ki tura ko tes ɗaya. Na taɓa shan wahala na lallaɓo wata daga ƙauye mai nisa, kira huɗu, ta sayar da kaza ta yi kuɗin mota, ta iso ranar na tafi taron bita a birni, wadda na bari kuma ta ce mata ruwan khal ya ƙare ta dawo wani satin. Ba ta dawo ba, na kira har na gaji ƙanwarta ce ke ɗauka tana cewa ta fita. Tun daga nan kafin in buɗe shafin wata sai na leƙa kabad na ga akwai khal da auduga da safar hannu, ƙarafan a dafe, batirin na'ura da na tocila a cike, na kuma san wace ce za ta tsaya in ba na nan. Masu dawowa awon shekara kuma ba sa bin layi a wurina, da ta nuna katinta da nake ja wa jan layi a gefe ake shigo da ita.